ƊALIBI, KWAMFUTA DA WURI HUƊU: DARASI A KAN CACA DA ƘURI'A

(Jawabin da aka gabatar ga ɗalibai Musulmi a Ƙauran Namoda)

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Ƙaura da waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi, dalilin wannan jawabi tambaya ce da wani ɗalibi ɗan Zurmi ya kawo mini. Yana karanta ilimin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan garin, wadda aka kafa a 1983. Domin ya goge a wajen rubuta wa kwamfuta umarni da harshen Python, sai ya ƙirƙiri ɗan wasa: na'ura ta watsa wuri huɗu, kowanne ya faɗi a kife ko a rigingine, wanda duka huɗunsa suka faɗi a rigingine shi ya ci. Da wasan ya kammala sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya ce: “Malam, shin ba caca na gina da hannuna ba?”

ABIN DA YA FARA GANOWA

Da farko ya lura duk sanda ya kunna wasan, faɗuwar wurin iri ɗaya ce da ta jiya, ba ƙari ba ragi. Da ya bincika sai ya gane cewa kwamfuta ba ta san sa'a ba, lissafi kawai take bi. Ana ba ta lamba ta farko, wadda masana ke kira iri, daga ita take haifar da ta biyu, ta biyu ta haifi ta uku. Shi kuwa ya kafe irin a kan lamba guda, saboda haka abin da ya shuka jiya shi yake girba yau.

Ga misali daga wata tsohuwar hanya da masanin lissafi John von Neumann ya kawo a shekarun 1940. Ka ɗauki 1234 ka ninka ta da kanta, za ka sami 01522756. Ka ciro huɗun tsakiya, wato 5227. Ka sake ninka wannan da kanta, ka sami 27321529, tsakiyarta 3215. Mai kallo zai ɗauka lambobin barkatai suke fitowa, alhali wanda ya san irin ya san dukkan abin da zai biyo baya. Hanyoyin yau sun fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, amma tushen ɗaya ne. Wannan bin mataki bayan mataki shi ake kira algoridim, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ke nan ilimin ba baƙo ba ne a gidanmu.

LISSAFIN DA KE TONA ASIRIN CACA

Sai na ce masa ya umarci na'urar ta yi jifa 16,000 ta ƙirga. Ku bi ni a hankali. Kowane wuri fuska biyu gare shi, kuma a cikin shirin nasa fuskokin daidai suke. Wuri huɗu ke nan suna da hanyar faɗuwa 16, wato biyu sau biyu sau biyu sau biyu, kuma hanya ɗaya tak ce ke ci. Mu ƙaddara mai shago ya ce ka zuba Naira 100, in ka ci ya ba ka Naira 1,000. Kunne zai ji daɗi. To amma a jifa 16,000 an zuba Naira 1,600,000, cin kuwa ba zai yi nisa da sau 1,000 ba, wato Naira 1,000,000. Ina sauran 600,000? Suna aljihun mai shago.

Wannan ba tsautsayi ba ne. Jacob Bernoulli ya tabbatar da ƙa'idar a littafinsa da aka buga a 1713: gwargwadon yawan jifa, gwargwadon yadda sakamako ke matsowa ga abin da lissafi ya nuna. Ɗan caca na iya ci yau, amma mai shago da dubban mutane yake wasa, shi ya sa ribarsa ba ta dogara ga sa'a ba. A kan irin wannan lissafi aka gina cacar ƙwallo da ta shigo wayoyin samarinmu. Jihar Zamfara ta hana caca tun da ta soma aiki da Shari'a a shekara ta 2000, sai ga shi ta biyo ta aljihu, inda uba ba ya gani, maƙwabci ba ya ji.

HUKUNCI

Allah (SWT) Ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, sannan Ya haramta su a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda Ya bayyana cewa suna haddasa gaba da ƙiyayya, suna kuma shagaltarwa daga ambatonSa da salla. Asalin caca shi ne kowa ya zuba dukiya, sa'a ta kwashe ta wani ta ba wani. Ko da wuri aka yi, ko da karta, ko da waya, hukuncin bai sauya ba.

Ita kuwa ƙuri'a daban take. An ambace ta a ƙissar renon Nana Maryamu a Suratu Ali Imrana aya ta 44, da ƙissar Annabi Yunusa (AS) a Suratus Saffat aya ta 141. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A nan haƙƙi ya daidaita, ana neman a raba gardama cikin adalci, babu mai cin dukiyar wani.

Sai dai a kula, hadisi ya zo a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa Malik da hani a kan wasan nardu, wanda ake yi da jifan 'ya'yan ludo irin na da, kuma malamai da yawa sun hana shi ko babu kuɗi. Don haka na ce wa ɗalibin: abin da ka rubuta domin koyo da gwajin lissafi ba caca ba ne, amma kada ka mai da shi abin hira da kashe lokaci, kada kuma ka miƙa shi ga wanda zai ɗora masa kuɗi.

Bai yar da aikin nasa ba. Ya cire wurin, ya zuba sunayen surori, yanzu shirin ne ke zaɓo wa yaran Islamiyyar unguwarsu inda za su kawo hadda, babu yaron da zai ce malam ya yi son kai.

KIRA

Ya ku ɗalibai, ku riƙe wannan ilimi da kyau, domin wanda ya fahimci lissafin caca da wuya a yaudare shi da ita. Kowa ya rubuta irin wannan gwaji, ya nuna wa ƙannensa da abokansa lambobin su gani da idonsu. Idan kuma aka yi muku tayin aikin gina manhajar caca, komai tsokar albashin, ku tuna hanin Suratul Ma'ida aya ta 2 game da taimakekeniya a kan zunubi. Iyaye kuma a riƙa tambayar yara inda kuɗinsu ke tafiya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ƙasa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.