Bankin Cimaka: Rumbun Makiyayi Ranar Annoba

(Jawabi ga taron makiyaya da fataken bisashe)

Shugabannin rugage, iyayenmu, 'yan'uwa makiyaya da fataken bisashe, muna gode muku da kuka bar garke da kasuwa kuka amsa kira.

Kowa ya sani makiyayi ba shi da rumbu. Rumbunsa da ƙafa huɗu yake tafiya. In yana son hatsi, sai ya kora akuya ko ɗan maraƙi kasuwa. To, ranar da kasuwa ta ƙi ci fa?

Mun ga irin wannan rana a 2020. Ranar 19 ga Maris aka sami mutum na farko mai cutar korona a Yamai, hukuma ta rufe iyakoki, ta taƙaita zirga-zirga. Dama Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bisashen da aka saba kaiwa Jibiya da Illela suka rasa mai saye. Ga bazara ta shigo, dabba ta rame, kuɗinta ya faɗi, hatsi kuwa ya hau. Mai iyali ya kai ga sayar da uwar garke don ciyar da yara.

Maganin wannan shi ne bankin cimaka, wanda ya yaɗu a ƙasar nan bayan farin 1973 da na 1984. Da kaka a sayi hatsi yana araha, a ajiye. Da bazara a sayar wa jama'ar wurin tiya-tiya, da 'yar riba kaɗan don sake cika shi. Amma bankuna da yawa sun mutu, kuma bashi ne ya kashe su: a ɗauka don kunya ko zumunta, a ƙi biya, shekara ta zagayo ɗaki wayam.

Saboda haka muna roƙo. Kowace ruga ta ba da gudummawa da kaka, lokacin da dabba ke da ƙiba da daraja, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai bashi ya biya. Fatake, motocin da suka kai bisashe kudu kada su komo fanko, su ɗauko hatsi da dusa da angurya, don abincin dabba ma yana son banki. A sa mata cikin kwamiti, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. In cuta ta ɓulla, kada a cinkushe a ƙofar banki: a raba ranaku ruga-ruga, a ajiye ruwa da sabulu, a kai wa tsofaffi da majinyata nasu har gida.

Kakanninmu sun bar mana habbanaye, aron saniya ga wanda garkensa ya ƙare. Bankin cimaka habbanayen hatsi ne, mu riƙe shi da amana. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Wassalam.