Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Lacca Kan Sabar Gwaji



Duk wanda ya taɓa gina shafin intanet a cikinku ya san sabar gwaji, wadda mai rubuta manhaja kan tayar a kwamfutarsa domin ya duba aikinsa kafin ya fitar wa duniya. Da ya gyara layi guda, sai shafin ya sabunta kansa nan take. Hanyar da ke isar da labarin gyaran ita ce WebSocket, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 2011. Galibinmu mun ɗauka cewa tunda sabar tana cikin na'urarmu, babu mai iya kai mata. To, a nan gizo ke saƙar.

Burauza tana da doka mai hana wani shafi karanta amsar da aka bai wa wani. Amma dokar ba ta hau kan WebSocket ba. Iyakar abin da burauza ke yi shi ne ta liƙa sunan shafin da ya ƙwanƙwasa ƙofa, a wani layi mai suna Origin, ta bar wa saba ta karɓa ko ta ƙi. In sabar ba ta duba ba, kowane shafi ka buɗe a gefe yana iya shiga ya kwashi asalin rubutun manhajarka. Lambobin ƙofofin ma ba asiri ba ne: 3000, 5173, 8080. Katangar tsaro kuwa ba ta da abin cewa, domin burauzarka ce ta kai saƙon, daga cikin gida.

Tun 2013 Christian Schneider ya raɗa wa wannan hari suna. A 2018 aka same shi a webpack-dev-server da Parcel, a Janairun 2025 a Vite, sannan a Mayu aka bayyana na Next.js. Shekara bakwai ana maimaita kuskure ɗaya, kuma a ganina dalilin bai wuce kalmar nan "ai gwaji ne kawai" ba. Alhali aikin kammala digiri, da manhajar albashin ma'aikata, da mabuɗan sirri da akan manta cikin rubutu, duk a wurin gwajin suke kwana.

An riga an toshe waɗannan ɓarakokin, amma gyaran ba ya zuwa da ƙafarsa. Mai amfani da Vite ya ɗauko 6.0.9 ko abin da ya biyo baya, mai Next.js kuma 15.2.2. In kun tashi aiki, ku kashe sabar kafin ku shiga yawon shafuka.