A Fara Furtawa Kafin a Taƙaita: Lambobin Jeri a Turanci

 

Ku zaga gari ku dubi allunan sanarwa da katunan gayyata, za ku ga 21th da 22th da 12nd, har a takardun ofis masu hatimi. Kullum masu buga takardu ake ɗora wa laifi. Ni a wajena laifin namu ne, mu malamai. Mu muka ce wa yaro ya dubi lambar ƙarshe: in 1 ce ya sa st, in 2 ce nd, in 3 ce rd, sauran kuma th. Ya haddace, ya iso 11 da 12 da 13, sai doka ta watse a hannunsa.

Na daɗe ina faɗa, kuma zan maimaita: haruffan nan biyu wutsiyar kalmar ce kawai aka yanko. First ta ba da st, second ta ba da nd, third ta ba da rd. Wanda ya furta twelfth da bakinsa ba zai rubuta 12nd ba, wanda ya ce twenty-first ba zai rubuta 21th ba. Ko a manyan lambobi haka take: 112th, amma 122nd, kuma kunne ne ya raba su. Ɗan Bahaushe ya fi kowa bukatar wannan horo, domin a harshensa na ko ta yake sawa a gaba, na 12, ta 21, lambar ba ta sauya komai. Saboda haka a sa ɗalibi ya faɗi kalmar, ya rubuta ta cikakkiya, sannan ya taƙaita. A nan zai gamu da fifth da twelfth masu f, da ninth da ta zubar da e, da eighth mai t ɗaya, da twentieth.

Wasu abokan aikina sun ce kwamfuta na gyara irin wannan kuskure. To, da hannu ake rubuta insha'in WAEC da NECO.

Sai kwanan wata. BBC da shafukan gwamnatin Birtaniya 1 October 1960 suke rubutawa, ba st ba waƙafi, Amurkawa kuma October 1, 1960. Ofisoshinmu ne suka maƙale wa 1st October, alhali a nan ma kuskuren yake fitowa. Ina kira ga ma'aikatun ilimi su cire wutsiyar nan daga kwanan watan wasiƙun gwamnati baki ɗaya. Lambar Romawa kuwa ba ta ɗaukar komai: Charles III ake rubutawa, a karanta the Third, haka ma Muhammadu Sanusi II. Duk sakataren da ya liƙa nd a bayanta, a mayar masa da takardarsa ya sake bugawa.