Ƙwayar Cutar da Ke Lafewa Ta Tsira

An daɗe da sanin cewa bakteriya kan gagari magani ta hanyar lalata shi ko tofar da shi waje. Ashe akwai wata dabarar: rage ci da rage numfashi.

Magani irin fenisilin ya fi kama ƙwayar da ke tsakiyar girma, tana gina bangon jikinta. Wadda ta lafe kuwa, kamar gaiwa cikin busasshen taɓo da rani, sai ya wuce ta. Tun 1944 likita Joseph Bigger ya lura da haka. A 2021 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka gano cewa ƙwayar E. coli kan samu canji a gadon halittar da ke sarrafa abincinta, ta sassauta numfashi, ta jure magani, zuriyarta ma su gaji halin.

Abin ya shafe mu. Ƙwayar tarin fuka gwanar lafewa ce, shi ya sa maganinta ke kai wata 6. Raina yakan ɓaci in na ga mai tari ya ajiye magani don ya ji sauƙi a wata na biyu, alhali ƙwayoyin da suka lafe suna nan da ransu a huhunsa.