Abin da Ke Sa Mota Ta Mutu In An Sa Giya

Yau zancen mota za mu yi.

Kowa a nan ya taɓa ganin wannan. Ran kasuwa an gama lodi, mutane sun hau, inji yana kuka lafiya lau. Direba ya sa giya, sai mota ta zabura sau ɗaya, ta mutu. Sai ka ji an ce, "Ku sauko mu tura." To, mene ne dalili?

Ku dubi jaki. Jaki a turke ba a sanin ƙarfinsa, sai an aza masa mangala. Haka inji yake. In mota tana firi, inji kansa kaɗai yake juyawa. Sa giya shi ne aza masa kaya. In ya mutu, ɗayan biyu ne: ko kaya sun fi ƙarfinsa, ko kuwa shi ne ba shi da lafiya.

Mu fara da kaya. Kuloci shi ne ke haɗa inji da ƙafafun mota. In direba ya sake shi farat ɗaya, nauyi duka ya faɗa wa inji, sai ya mutu. A sake shi sannu sannu, ana ɗan taka totur. Haka kuma in an tashi da giya ta 3 maimakon ta 1, ko an manta birkin hannu a ɗaure, ko lodi ya yi yawa ga kuma hawa. Waɗannan duka ba su bukatar makanike, sai hankali.

Amma in direba ya taka kuloci har ƙasa, giya tana gurza, ta shiga da ƙyar, mota ta fizga ta mutu, to, kuloci ne ba ya raba su. A duba mansa ko wayarsa.

Sa'an nan rashin lafiyar inji. Inji abu 3 yake so: mai, da iska, da wuta. In matatar mai ta toshe, ko ruwa ya shiga tanki, mai ba ya isa. In ƙurar hunturu ta cika matatar iska, inji ba ya numfashi. In fulogi ya tsufa, wuta ta yi rauni. Wani lokaci kuma silo ne ya yi ƙasa, watau juyin da inji ke yi yana tsaye. A ƙaramar mota, in inji ya yi zafi, yakan juya kamar sau 600 zuwa 1,000 a minti ɗaya. In ya gaza haka, ɗan nauyi kaɗan ya kashe shi. Tsohuwar mota mai kafireto, da sanyin asuba, a bar ta ta ɗumama tukuna.

Masu babur, wasu babura an yi su ne su mutu in an sa giya ba a ɗage ƙafar jinginawa ba. Wannan ba lalacewa ba ce, tsaro ne.

Ga gargaɗi. In inji ya mutu, a motoci da yawa birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. In a kan hawa ne, a ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji. Kada kowa ya tsaya a bayan mota, musamman yara.

Kai kuma mai mota, kada wani ya ce maka inji ya ƙare ka yarda nan da nan, har ka sayar da hatsinka. Fara da mai araha: birkin hannu, matata, fulogi. In abin ya faskara, je wurin makanike, ka gaya masa daidai lokacin da take mutuwa, ko wajen sa giya ne, ko wajen sakin kuloci. Wannan bayani rabin gyara ne.

Allah ya kiyaye hanya, amin.