Jawabin Kwamiti Kan Sayen Motar Ƙungiya

 

Kun ba mu amanar kuɗin da kuka tara don sayen bashe ta hannu, wadda za ta kai mana gero kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti. Ga abin da muka gano.

An nuna mana Peugeot 504 da Toyota Hilux. Ita 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, gyaranta da sauƙi, amma an daina ƙera ta, kayanta na asali sai an sha nema. Hilux kuwa tun 1968 ake yin ta, kayanta na kasuwa, sai dai tsada.

Kowace muka ɗauka, abu 4 za mu duba. Na ɗaya, shasi: gishirin da Turawa ke zubawa kan hanya lokacin sanyi yakan ci ƙarƙashin mota, a rufe da fenti. Na biyu, man inji: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, juwan kulas ya ƙone. Na uku, lam na baya, don lodi fiye da kima ke karya su. Na huɗu, takardu: lambar kartagiris ta dace da ta shasi, ga kuma shaidar duwan.

Ba za mu biya ko dala ba sai makanikinmu ya shiga ƙarƙashinta. Muna kuma roƙonku a ware kuɗin gyara tun yanzu, don araha ba ta ado. Da motar da za ta mutu a daji da mara lafiya ciki, gara amalanke.

Allah ya yi mana zaɓin alheri.