Lokacin Sharaɗi a Faransanci: A Koyar da Shi da Wuri, Kuma da Harshen da Yaro Ya Sani

Shugaban taro, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malaman Faransanci da kuka zo daga Salaga da Yendi, da ku masu masaukinmu na nan Bawku.

Ba zan ɓata muku lokaci ina lissafa amfanin Faransanci ba. Kowa a ɗakin nan ya san ƙasashe uku ne suka kewaye Gana, wato Kodebuwa da Burkina Faso da Togo, kuma duk takardunsu da Faransanci ake rubuta su. Kowa ya san Gana ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2006, ta zama cikakkiyar mamba a 2024. Mutanen Akara suna jin wannan a jawabin ministoci. Mu kuwa a bakin ƙofa muke ganinsa: ɗan Bawku yana fita ta Kulungugu ko Pusiga ya yi ciniki a Sinkase ya dawo kafin magariba, ɗan Yendi yana bi ta Tatale ya shiga Togo. Zirga-zirgar nan ta girmi iyakar nesa ba kusa ba, domin fataken goro sun bi daga Salaga, ta Yendi da Sansanin Mango, har Kano.

Maganata a yau a kan abu ɗaya ce, lokacin da Faransawa ke kira conditionnel, mu ce lokacin sharaɗi. Ƙorafina a kansa biyu ne. Ana koyar da shi a makare, kuma ana koyar da shi ta bakin Turanci, alhali Hausa ta fi Turanci kusa da shi.

Mu fara da ginin kansa, don a daina tsorata yara da shi. Ka ɗauki tushen lokaci mai zuwa, ka liƙa masa ɗafa-ƙeyar imparfait, shi ke nan. Ɗafa-ƙeyar shida ce: ais, ais, ait, ions, iez, aient, kuma babu aikatau ko ɗaya a Faransanci da ya saɓa musu. Daga parler a sami je parlerais, daga finir a sami nous finirions, daga vendre a jefar da harafin ƙarshe a sami ils vendraient. Masu taurin kai tushensu kawai ke sauyawa, kuma shi ne dai wanda yaro ya haddace a lokaci mai zuwa: être ya ba da ser, avoir ya ba da aur, aller ya ba da ir, faire ya ba da fer, vouloir ya ba da voudr, pouvoir ya ba da pourr. Idan yaro ya rikice tsakanin je voudrai da je voudrais, tunda a bakin mutane da yawa kusan sauti ɗaya ne, sai a ce ya mayar da jimlar zuwa nous. Nan take voudrons da voudrions za su rabu. Darasin da bai fi mako guda ba ke nan, amma littattafanmu sun tura shi can baya, inda zangon karatu yakan ƙare ba a kai ba.

To wane ne ya fi buƙatarsa? Wanda zai tsaya gaban jami'in kwastan ko jandarma. Idan ya ce je veux passer, a kunnen mai jin Faransanci umarni ya bayar. Idan ya ce je voudrais passer, ko pourriez-vous m'aider, roƙo ya yi cikin ladabi. Yaron da aka tarbiyyantar a zango ba ya buɗe baki gaban babba sai da don Allah da ranka ya daɗe. Mun ɗauki wannan yaro mun shekara uku muna koya masa Faransancin da zai sa a ɗauke shi mara kunya a shingen farko. Laifinmu ne, mu da masu tsara manhaja.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Faransanci kalma ɗaya yake da ita ta sharaɗi, si, kuma lokacin aikatau ne ke nuna ko abin mai yiwuwa ne ko kuwa buri ne kawai. Turanci ma kalma ɗaya gare shi. Hausa kuwa ta raba su tun daga kalmar farko. Idan mai albasa ya ce, idan na sami mota zan kai kaya Sinkase, yana sa ran motar. Wannan shi ne si je trouve un camion, j'irai à Cinkassé: si da lokacin yanzu, sannan lokaci mai zuwa. Idan kuwa ya ce, da ina da mota da na kai kaya Sinkase, kowa ya san ba shi da motar. Wannan shi ne si j'avais un camion, j'irais à Cinkassé: si da imparfait, sannan lokacin sharaɗi. Bambancin da muke zuba gumi a kan allo muna bayyanawa da Turanci, yaro ɗan shekara biyar ya riƙe shi a gidansu. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ce masa: inda ka ji idan, lokacin yanzu da mai zuwa, inda ka ji da da da, imparfait da sharaɗi.

Akwai tarko ɗaya, kuma gara a nuna shi tun ranar farko. Hausa tana maimaita da a sassan jimlar biyu, don haka yaro zai so ya sa sharaɗi sau biyu, ya ce si j'aurais. Faransanci ba ya karɓar wannan. Da ta farko ita ce si da imparfait, da ta biyu ce kaɗai ke ɗaukar rais. Jimla goma a kan doya da goro da farashin sefa sun isa su kafa wannan a kansa.

Haka abin yake a sharaɗin da ya riga ya wuce. Da na sani da ban zo ba, shi ne si j'avais su, je ne serais pas venu. Ana ɗaukar avoir ko être a lokacin sharaɗi a haɗa da participe passé. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma duk nadamar Bafaranshe a wannan gini take zaune: j'aurais dû, da ma na yi, j'aurais pu, da na iya.

Ku gwada wannan da hanyar Turanci. Malami yakan ce wa yara duk inda suka ga would su sa sharaɗi. Amma Bature yana amfani da would wajen abin da ya saba yi a da, inda mu muke cewa nakan je, Bafaranshe kuma ya ce j'allais. Sai yaro ya rubuta j'irais a jarrabawar WAEC ya rasa maki, ba don ya kasa Faransanci ba, sai don tsanin da aka ba shi ya karye. A mafi yawan azuzuwanmu Turancin ma bai zauna wa yaron ba. Ana koya masa baƙon harshe da wani baƙon harshen.

Saura amfani ɗaya da littattafanmu suka kusa mantawa, kuma a nan Bawku ya fi komai muhimmanci. 'Yan jaridar Faransanci suna sa lokacin sharaɗi a labarin da ba su tabbatar ba. Idan gidan rediyon RFI ya ce la frontière serait fermée, cewa ya yi wai an rufe iyaka. Wannan rait ɗin shi ne wai ɗinmu. Wanda bai san haka ba zai fassara ya tura a WhatsApp cewa an rufe iyaka, ko an kai hari, wai ɗin ta faɗi a hanya. A garin da ya sha wahalar rikici, kuma yake maƙwabtaka da ƙasar da ke fama da 'yan bindiga, ba sai na gaya muku abin da jita-jita ke haifarwa ba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce Faransanci na ja da baya, tunda Burkina Faso ta sauke shi daga matsayin harshen hukuma, kuma ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da shi a 2025. Amma har gobe shi ne harshen aiki a ofisoshinta, Togo da Kodebuwa kuwa ba su motsa ba. Wasu za su ce yaranmu Kusasi ne da Mamprusi da Bisa da Dagomba da Gonja, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa. Ban ce a koyar da Hausa ba, cewa na yi a yi bayani da ita inda yara ke jin ta, kamar yadda suke jin ta a kasuwannin Salaga da Yendi da Bawku. Inda Dagbani ko Gonja ko Kusal ya fi ƙarfi, malami ya nemo yadda harshen ke gina sharaɗinsa ya yi haka nan. Masu cewa kada a yi wata magana a aji sai Faransanci zalla, su zo su gwada da yara sittin da littafi biyar.

Shawarwarina huɗu ne, kuma na daɗe ina maimaita su. Na farko, je voudrais da pourriez-vous su shiga darasin gaisuwa tun makon farko, a haddace su kafin a san sunansu. Na biyu, a koyar da ginin lokacin sharaɗi da zarar an gama lokaci mai zuwa da imparfait, ba tare da jira ba. Na uku, Hukumar Ilimi ta Gana ta ba malami izini a rubuce ya yi bayanin nahawu da harshen da ajinsa ke ji. Na huɗu, kwalejojin horar da malamai, tun daga Mount Mary da ke Somanya, su sa kwatanta nahawun Faransanci da na harsunan arewa cikin karatunsu, kuma a turo mana malaman da suke jin harsunan nan.

Biyun farko ba sa buƙatar sa hannun kowa a Akara. Kuna iya fara su ranar Litinin.